Gilashin Gaban Mota da Tsatsar da ke Ƙarƙashinsa

Gilashin gaban mota yana cikin sassan da matsayinsu ya fi sauyawa a tarihin ƙera motoci, domin kuwa ya faro ne a matsayin kayan ƙari wanda mai mota zai saya idan ya ga dama, ya naɗe shi ko ya cire shi yadda ya so, amma a yau ya zama ɓangare na ƙashin motar, har rufinta da jakar iskarta suna dogaro da shi a lokacin haɗari. Wannan sauyi ya ɗora wa masu sana'ar sa gilashi nauyin da magabatansu ba su sani ba, ya kuma mayar da wani siririn leɓen ƙarfe da ke kewaye da tagar gaba, wanda mafi yawan masu motoci ba su taɓa gani da idonsu ba, ya zama wurin da ingancin aikin gaba ɗaya ya rataya a kai. Tsatsar da ta kama wannan leɓe ita ce babbar matsalar mai sa gilashi a kan tsohuwar mota, kuma ba a fahimtar dalilin da ya sa ta zama haka sai an bi yadda gilashin, da jikin motar, da hanyar haɗa su suka yi ta canzawa cikin shekara ɗari da 'yan kai.

Motocin farko a Turai da Amurka ba su da gilashi ko kaɗan, direba kan sa tabarau mai rufe ido ne don kare kansa daga ƙura da ƙwari. A farkon shekarun 1900 aka soma sayar da gilashin gaba, wanda bai wuce gilashin tagar gida da aka yanka aka sa cikin firam na katako ko na tagulla ba, kuma galibi hawa biyu ne, ta yadda idan na sama ya yi datti sai a kwantar da shi a ci gaba da tafiya. Irin wannan gilashi idan ya fashe yakan tsage ne zuwa dogayen ɓaraguzai masu kaifi, saboda haka da motoci suka ƙara gudu suka kuma yawaita a kan titi, sai abin da aka sa don kare fuska ya zama shi ne ke yanka ta. Maganin wannan ya fito ne daga wurare biyu kusan lokaci guda. Wani lauya a garin Swindon na Ingila, John Crewe Wood, ya yi rajistar fasahar manna gilashi biyu da takardar selulod a tsakaninsu a shekarar 1905, shi kuma Édouard Bénédictus, Bafaranshe masanin kimiyyar haɗa sinadarai kuma mai zane, ya yi rajistar tasa a 1909, ya kafa kamfanin Triplex a 1911. Selulod wani nau'in roba ne mai haske da ake samu daga auduga da sinadarin asid, kuma amfaninsa a nan shi ne riƙe ɓaraguzan gilashin a jikinsa bayan ya fashe. Tsada ta hana masu ƙera motoci karɓarsa da wuri, sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya buɗe masa kasuwa, inda aka yi amfani da shi a idanun takunkumin kare sojoji daga iskar guba da tabaran matuƙan jiragen sama.

Kamfanin Ford ne ya shigar da shi hannun talaka lokacin da ya fito da motarsa Model A a ƙarshen 1927 da gilashin gaba mai hawa-hawa, kuma a Ingila dokar zirga-zirga ta 1930 ta buɗe hanyar wajabta gilashi marar haɗari a kan sababbin motoci. Selulod yana da aibinsa, domin rana na mayar da shi rawaya, danshi kuma na ɓamɓare shi daga gefe, har sai da aka maye gurbinsa a ƙarshen shekarun 1930 da wata roba mai suna folibinil butiral, wadda ake taƙaitawa da PVB, wadda wasu masana biyu 'yan Kanada, Howard Matheson da Frederick Skirrow, suka ƙirƙiro a 1927, kuma har yau ita ce ke tsakiyar gilashin gaban mota. Turai ta daɗe a kan wata hanya dabam, wato gilashin da aka gasa aka huce da sauri don ya yi tauri, irin wanda kamfanin Saint-Gobain ya fitar da sunan Securit a 1929, wanda idan ya fashe yakan marmashe ne zuwa ƙananan tsakuwoyi marasa kaifi, sai daga baya shi ma aka bar shi ga tagogin gefe da na baya.

Abin da ya haifar da leɓen ƙarfen da ake magana a kai shi ne rufe jikin mota. A 1919 kusan tara cikin goma na motocin da ake sayarwa a Amurka buɗaɗɗu ne, bayan shekara goma kuwa lissafin ya juye, sannan katakon da ake gina jikin mota da shi ya ba wa ƙarfe wuri, har kamfanin General Motors ya fito da rufin ƙarfe zalla a 1935. Jikin ƙarfe ana haɗa shi ne daga falle-falle da aka matsa a inji, kuma a bakin taga, inda fallen waje na rufi da na ginshiƙan gefe ke haɗuwa da fallen ciki, ana lanƙwasa gefunansu a haɗa su da waldar ɗigo, wato waldar da wutar lantarki ke narka ƙarafa biyu a wuri guda ɗan ƙarami, ɗigo bayan ɗigo a jere. Abin da ke fitowa daga wannan haɗi shi ne leɓe mai faɗin da bai wuce yatsa ba, mai falle biyu ko uku, wanda tsakanin kowane ɗigo da na kusa da shi akwai 'yar kafa da fenti ba ya iya shiga amma ruwa yana shiga.

Shekaru masu yawa roba ce ke riƙe gilashi a kan wannan leɓe. Robar zobe ce guda mai kwari biyu, ɗaya yana kama bakin gilashi ɗayan yana kama leɓen, kuma hanyar sa ta ta zama alamar gwanintar mai sana'a: a ɗaura robar a gilashi, a cusa igiya cikin kwarin waje ta kewaye shi, a shafa ruwan sabulu, mutum ɗaya ya danna gilashin daga waje yana bubbuga shi da tafin hannu, ɗayan kuma yana ciki yana jan igiyar a hankali, ita kuwa tana ɗaga bakin robar tana ɗora shi a kan leɓe har a zagayo. Wannan tsari yana da haƙuri da tsatsa ƙwarai, domin roba kamun leɓe take yi, ba mannewa take yi da shi ba, saboda haka muddin akwai sauran ƙarfen da za ta cafke, to gilashi zai zauna ko da fenti ya tashi. Sai dai ita ma robar ce ke jawo tsatsar, domin idan ta tsufa ta bushe ta tsattsage, ruwa kan bi ta bayanta ya gangara zuwa kusurwoyi biyu na ƙasa ya kwanta, ƙura ta taru ta zama laka mai riƙe danshi, kuma ba rana ko iska da za su kai wurin su busar da shi.

Tsatsa kuwa ba komai ba ce illa abin da ke fitowa idan baƙin ƙarfe ya haɗu da iskar oksijin tare da ruwa, kuma tana da halaye biyu da suka shafi wannan aiki kai tsaye. Na farko, ba ta manne wa ƙarfen da ta fito daga gare shi, ɓarɓashi take yi tana buɗe sabon ƙarfe ga danshi, shi ya sa take bi ta ƙarƙashin fenti tana kumbura shi tun daga nesa da inda ta faro. Na biyu, girmanta ya ninka na ƙarfen da ta cinye, don haka idan ta taru tsakanin fallayen leɓe takan buɗe su da ƙarfi, ta tura bakin gilashi daga ƙasa, kuma bakin gilashi shi ne wurin da ya fi rauni. Tsagewar da ke tasowa daga gefe ba tare da alamar bugun dutse ba sau da yawa daga nan take, kuma mai motar da ya sa sabon gilashi a kan wannan kumburi bai daɗe ba zai sake ganin tsaga a daidai wurin.

A zamanin shimfiɗaɗɗen gilashi, mai sana'a yakan ajiye manyan fallaye ne ya yanka kowane gilashi bisa samfurin takarda, har a 1927 aka kafa wata cibiya a Amurka, wadda ake kira NAGS, don tattara waɗannan samfurori da ba su lambobi. Lanƙwasasshen gilashi ya kawo ƙarshen wannan, tun daga Chrysler Imperial Airflow ta 1934 mai gilashi guda lanƙwasasshe, zuwa manyan gilasai masu zagayowa gefe da Cadillac Eldorado ta fito da su a 1953, sannan a 1959 kamfanin Pilkington na Ingila ya bayyana hanyar kwarara narkakken gilashi a kan narkakkiyar kuza, wadda ta sauƙaƙa samun gilashi sumul ba tare da gogewa ba. Daga nan mai sa gilashi ya daina zama mayanki, ya zama mai oda da lamba, kuma ya rasa damar rage ko ƙara girman gilashi don ya dace da tagar da tsatsa ko gyara suka gurɓata wa siffa.

Cikin waɗannan shekaru ne tsatsa ta zama annoba a ƙasashen sanyi, kuma gishiri ne ya hura wutarta. Jihar New Hampshire ta soma gwada watsa gishiri a kan tituna don narka ƙanƙara a 1938, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuwa al'adar ta bazu a arewacin Amurka da Kanada da Turai, har ta kai Amurka kaɗai tana zuba kimanin tan miliyan 20 a shekara. Ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki fiye da ruwan sama, wannan kuma yana gaggauta cin ƙarfe, ga shi tayoyin motar gaba suna feso shi kan gilashin ta baya, magogin gilashi ya share shi zuwa gefe, ya gangara daidai cikin leɓe. Masu ƙera motoci sun ƙara wa abin tsanani da kansu, ta hanyar rage kaurin ƙarfe, da kafa ƙananan ƙugiyoyi a cikin kwarin taga don riƙe adon azurfa da ke kewaye gilashi, waɗanda ke karce fenti duk lokacin da aka sa ko aka cire su, da kuma yayin lulluɓe rufin mota da ledar ado a shekarun 1960 da 1970, wadda ke tsare ruwa a ƙarƙashinta. Fushin masu saye ya kai ga kotuna da jaridu: a Kanada masu motocin Ford da suka yi tsatsa sun kafa ƙungiya a shekarun 1970 suka nemi diyya, a Ingila kuma kamfanin Lancia ya koma sayen motocinsa ƙirar Beta daga hannun masu su a 1980 saboda tsatsar da ta ci inda injin ke zaune.

Yayin da ƙarfe ke ruɓewa haka, doka ta ɗora wa leɓen sabon aiki. Littafin Ralph Nader mai suna Unsafe at Any Speed ya fito a 1965, majalisar Amurka ta zartar da dokar kiyaye haɗurran motoci a 1966, kuma a wannan lokaci aka ninka kaurin robar tsakiyar gilashi zuwa milimita 0.76 don kada kan mutum ya huda shi. Gilashin da ba ya hudewa ba shi da amfani idan zai fice gaba ɗaya daga tagarsa, shi ya sa ƙa'ida mai lamba 212, wadda ta soma aiki a 1970, ta tanadi cewa idan aka kara mota da bango a gudun kilomita 48 a sa'a, dole kashi 75 cikin ɗari na kewayen gilashin ya kasance a manne. A 1973 ƙa'ida mai lamba 216 ta biyo baya, tana buƙatar rufi ya jure nauyin da ya kai na motar sau ɗaya da rabi, adadin da aka ɗaga zuwa sau uku a 2009. Roba mai kamu ba ta dace da waɗannan buƙatu ba, don haka kamfanoni suka koma manna gilashi kai tsaye a jikin ƙarfe. An fara da wasu nau'o'in gam a shekarun 1960, ciki har da butil, wata baƙar roba mai danƙo da ake sayarwa a naɗe kamar igiya, wadda ke tsare ruwa da kyau amma ba ta taɓa bushewa, daga baya cikin shekarun 1970 aka tsaya a kan foliyuretan, gam da ke shan danshin iska ya daskare ya zama roba mai ƙarfin da ya ninka na butil sau da yawa. Baƙin zanen da ake gani a gefen gilashin zamani, mai ƙarewa da ɗige-ɗige, fenti ne na yumɓu da aka gasa a jikin gilashin don ya kare wannan gam daga hasken rana. Da jakar iska ta gefen fasinja ta zama wajibi a motocin Amurka daga ƙirar 1998, sai nauyin ya ƙaru, domin a motoci da yawa jakar tana fitowa sama ne ta bugi gilashi sannan ta juyo wajen mutum.

A nan ne tsatsa da sabuwar hanya suka yi hannun riga. Gam ba ya kama leɓe, yana manne wa abin da ya taɓa ne kawai, kuma ƙarfin haɗin bai wuce ƙarfin mafi raunin shimfiɗa tsakanin gilashi da ƙarfe ba. Idan aka zuba shi a kan tsatsa zai kama ta sosai, ita kuwa ba ta kama komai ba, kamar wanda ya yi yaɓe a kan bangon da gishiri ya ci. Mafi muni shi ne cewa irin wannan aiki ba ya nuna aibinsa a ranar da aka yi shi, domin nauyin gilashi da adon gefe suna riƙe shi a wurinsa, mota ta yi shekaru tana yawo, abin da mai ita zai lura da shi bai wuce ɗigar ruwa a kan kafet da ƙarar iska ba.

Akwai kuma wani al'amari da sana'ar ta jima kafin ta amince da shi, wato cewa kaso mai yawa na tsatsar da ake tararwa a leɓen motocin zamani daga hannun wanda ya sa gilashi a baya ta fito. Gilashin da aka manna ba ya fita sai an yanke gam ɗin, ko da wuƙa mai lanƙwasasshen baki da ake ja da hannu, ko da waya mai kaifi da mutum biyu ke ja kamar zarto, ko da wuƙar inji, kuma kowannensu yana iya karce fenti har zuwa ƙarfe. Mai gaggawa, wanda ake biyansa bisa yawan motocin da ya gama a rana, yakan rufe karcen da sabon gilashi ya wuce, kuma bayan 'yan shekaru wani ne zai buɗe ya tarar da abin da ya tsiro. Kamfanonin motoci sun yi nasu ƙoƙarin: Ford ya soma tsoma jikin mota cikin tafkin fenti mai lantarki a masana'antarsa ta Wixom a 1963, hanyar da ke jan fenti zuwa cikin kowane lungu, aka inganta ta a ƙarshen shekarun 1970, sannan Porsche ta lulluɓe jikin 911 da tutiya daga ƙirar 1976, Audi ta yi haka ga Audi 80 a 1986. Tutiya tana ruɓewa ne a madadin ƙarfen da ta rufe, amma kaurinta bai kai na gashin kai ba, kuma bakin wuƙa ba ya barin ta.

Daga waɗannan darussa ne ƙa'idodin aikin na yau suka fito, waɗanda masu sana'ar a Amurka suka tattara a rubuce a farkon shekarun 2000. Ba a kankare tsohon gam har ƙasa idan yana da lafiya, ana aske shi ne a bar kaurin milimita ɗaya zuwa biyu, domin sabon gam ya fi kama ɗan'uwansa fiye da komai, kuma wuƙa ba ta kai ga fenti ba. Kowane karce ana shafe shi da firaima, wato fentin shimfiɗa da ke rufe ƙarfe ya kuma ba gam wurin kamawa. Tsatsa kuwa ana rarraba ta ne bisa zurfinta: wadda ta tsaya a sama, mai launin ja kawai, ana goge ta da samfefa ko burushin waya har ƙarfe ya yi fari, wadda ta yi ramuka ana bin ta da giranda ko feshin yashi, sannan a wanke da sinadari mai kashe abin da ya saura a cikin ramukan, wadda ta huda ƙarfe ko ta cinye leɓen kuwa ta fita daga hurumin mai gilashi, ta koma na mai gyaran jiki, wanda zai yanke ruɓaɓɓen wuri ya lanƙwasa sabon ƙarfe ya yi walda. Cike ramin da bodifila, wato ƙullin da ake shafawa don daidaita jikin mota kafin fenti, ba ya cikin abin da aka yarda da shi a inda gam zai zauna, domin ƙullin yana shan danshi kuma yana ɓallewa idan aka ja shi. Wannan rabon aiki shi ne tushen yawancin saɓanin da ke faruwa tsakanin mai gilashi da mai tsohuwar mota, saboda ba a sanin girman ɓarnar sai an cire tsohon gilashi, wanda sau da yawa ya riga ya fashe wajen cirewa, kuma kuɗin walda da fenti na iya fin kuɗin gilashin, wani lokaci ma su kusa kuɗin motar. Manyan kamfanonin gilashi kan ƙi aikin gaba ɗaya don gudun ɗaukar alhaki, abin da ke tura mai motar wajen wanda zai yarda ya manna a kan komai.

Ƙasar Hausa ta ga zamunnan nan biyu, na roba da na gam, a gareji guda. Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975, da Volkswagen ƙirar ƙwaro da aka haɗa a Legas, duka da roba mai kamu suka zo, kuma busasshen yanayin arewa, inda ba a watsa gishiri a titi kuma damina ba ta wuce 'yan watanni, ya sa leɓensu ya daɗe fiye da na takwarorinsu na Turai. Motocin da suka maye gurbinsu, 'yan Kwatano da sauran na hannu da ake shigowa da su ta tashoshin ruwa, yawancinsu masu gilashin gam ne, kuma waɗanda suka fito daga Kanada ko jihohin arewacin Amurka ko arewacin Turai sun riga sun sha gishirin hunturu na shekaru kafin su hau jirgi. Tsatsarsu a ɓoye take zuwa ƙarƙashin adon gefen gilashi da sabon fentin dillali, tana lafawa da rani tana farkawa da damina, kuma ba ta bayyana sai ranar da dutse ya tsaga gilashi aka je kasuwa irin Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano neman wani. A irin waɗannan wurare mai walda da mai fenti da mai gilashi sukan kasance kusa da juna, kuma kuɗin aikin hannu bai kai na ƙasashen da motocin suka fito ba, saboda haka yanke leɓe a sa sabo, wanda a can kan sa a jefar da mota, a nan abu ne mai yiwuwa. Inda aikin ke samun tangarɗa shi ne wajen gam da firaima, domin silikon na gini, wanda ya fi arha kuma ya fi sauƙin samu, ba shi da ƙarfin foliyuretan, kuma nau'insa mai warin tsami yana fitar da asid yayin bushewa, wanda ke cin ƙarfen da aka goge tun kafin ruwan farko ya sauka a kansa.